Daga Hannu Zuwa Takarda: Tarihin Haɗa Ƙaramin Jirgin Filafili A Gida

Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 1963, a wajen bajen kolin jiragen ruwa da aka saba yi kowace shekara a birnin Landan, jaridar Daily Mirror ta fito da wani ɗan ƙaramin jirgi na katako. Tsawonsa ƙafa 10 da inci 10 ne kacal, goshinsa a daƙushe kamar na akwati, filafilansa kuwa ja wur. Wanda ya biya fam 63 da sule 11 ba a miƙa masa jirgi a haɗe. Abin da ake kai masa gida shi ne tarin yankakken katako, da naɗin wayar jan ƙarfe, da gwangwanayen gam, da filafili, da ɗan littafin bayani. Sauran aiki ya rage nasa. Daga wannan shekara zuwa yau an haɗa irin wannan jirgi fiye da 70,000, da yawa daga cikinsu a gareji ko a falo, a hannun mutanen da ba su taɓa koyon kafinta ba.

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda aka yi sana'ar da a da sai an shekara da shekaru a gaban maigida kafin a iya ta, ta zama abin da akawu ko direban bas zai yi da yamma bayan ya taso daga aiki. Ra'ayin da za a kafa a nan shi ne, mutanen nan ba su koyi gwanintar masassaƙin jirgi ba. Gwanintar ce aka ɗebe daga hannunsa aka zuba ta cikin takarda da kuma cikin kayan aikin kansu, kuma 'yan jarida ne suka ja gaba wajen yin haka.

Kafin a ci gaba, ya kamata a daidaita kalma guda. A bakin masunta, filafili shi ne abin da ake tuƙa kwalekwale da shi. Masu fassara sun aro kalmar suka ba ƙyallen da ake ɗaurawa a jigon jirgi don iska ta tura shi, da yake jiragen kogunan ƙasar Hausa da filafilin hannu da gora ake tuƙa su, ba su ba harshe dalilin raɗa wa ƙyallen suna nasa ba. Da wannan ma'ana ta biyu aka yi amfani da kalmar a nan.

Sana'ar A Hannun Masu Ita

Har zuwa farkon ƙarni na ashirin, ƙaramin jirgi a Ingila da falankai ake yin sa, ana ɗora gefen kowane falanki bisa na ƙasa da shi, a kafe su da ƙusoshin jan ƙarfe, sa'an nan a turara siraran itatuwa da tururi har su yi laushi, a lanƙwasa su daga ciki su zama haƙarƙarin jirgin. Wahalar aikin tana ga falankan. Jirgi ya fi faɗi a tsakiya, ya tsuke a goshi, saboda haka babu falankin da yake miƙaƙƙe, babu kuma biyu masu siffa ɗaya in ban da na dama da takwaransa na hagu. Kowanne sai an auna shi a jikin jirgin, an sassaƙe, an gwada, an sake rage shi. Babu gam ko ɗaya a tsakanin falankan; abin da ke hana ruwa shiga shi ne dacewar katako da katako, da kumburin da yake yi in ya jiƙa. Ilmin wannan aiki a ido da hannu yake, yaro kuwa yakan yi shekara biyar zuwa bakwai yana koyo. Jirgin da aka yi haka dole ya yi tsada, shi ya sa wasan jirgin filafili ya daɗe yana hannun masu hali.

Ba a rasa masu ƙarfin hali da suka yi nasu ba. Kyaftin Joshua Slocum ya ɗauki wata goma sha uku yana sake gina wani tsohon jirgi mai suna Spray a wani fili a Fairhaven ta Amurka, kuma da shi ya zagaya duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898. Sai dai Slocum tsohon ma'aikacin teku ne wanda ya riga ya san ginin jirgi. Labarinsa ya sa mutane sha'awa, bai ba su hanya ba.

Mujalla Ta Shigo

Hanyar ta fara buɗewa ne a shafukan mujallar The Rudder ta birnin New York. Editanta, Thomas Fleming Day, ya dage a kan cewa teku ba gadon attajirai ba ce. Ya riƙa buga zanen jirage tare da ma'auninsu da bayanin aiki daki-daki, ya kuma fifita wata siffa mai sauƙi: maimakon cikin jirgi ya zagaye kamar ƙwarya, sai a yi masa gefe da ƙasa masu haɗuwa a kusurwa, yadda falanki zai kwanta ba tare da an sha wahalar sassaƙa ba. Masu sana'a sun raina wannan siffa. Don ya rufe musu baki, a 1911 Day ya haye Tekun Atlantika da irin wannan jirgi mai suna Sea Bird. Wani mai ɗaukar hoto, Harry Pidgeon, ya bi zanen mujallar ya gina nasa a bakin ruwa a Los Angeles, ya zagaya duniya da shi tsakanin 1921 da 1925. A 1931 kuma wani editan mujallar, William Crosby, ya buga zanen Snipe, mai tsawon ƙafa 15 da rabi. Yaro ɗan shekara 14 ne ya fara kammala ɗaya.

Duk da haka, mai bin zanen mujalla sai ya fara shimfiɗa ma'aunin a ƙasa da cikakken girmansa, ya kafa firam, ya daidaita shi da igiya da ma'aunin ruwa. Takarda ta ɗauke masa aikin tsara siffa, ta bar masa aikin kafinta.

Filawud Da Gam

Abin da ya sauke wannan sauran nauyi daga ɗakunan binciken harhaɗa magunguna ya fito. Katakon nan mai fale-fale da kafintoci ke kira filawud ya daɗe a duniya, amma gam ɗin da ake manna shi da shi a da na fata da ƙashi ne ko na madara, da ya sha ruwa sai fale-falen su ɗaye. A 1934 aka fara yin filawud da gam wanda ruwa ba ya narkarwa a jihar Washington ta Amurka, a 1937 kuma Norman de Bruyne ya fito da gam mai suna Aerolite a Ingila. Yaƙin Duniya na Biyu ya gwada waɗannan kaya gwaji mai tsanani, domin da filawud da gam aka yi jirgin saman yaƙi na Mosquito. Da yaƙi ya ƙare a 1945, masana'antun suka shiga neman kasuwa. A nan akwai hannun Afirka wanda ba a cika ambata ba: itacen da aka fi so a filawud na jirgi, saboda rashin nauyinsa, shi ne okume na dazuzzukan Gabon, akwai kuma itacen safele wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Nijeriya.

Filawud yana da hali guda wanda duk mai tsara jirgi dole ya bi. Kamar takarda yake: ana iya naɗe ta ta fuska ɗaya, amma ba a lulluɓe ƙwarya da ita ba tare da ta yamutse ba. Siffar nan mai kusurwa da aka raina sai ta zama ita ce daidai da sabon katakon. A 1947, a garin Clearwater na Fulorida, wata ƙungiyar taimakon yara ta roƙi wani masassaƙi, Clark Mills, ya tsara jirgin da uba da ɗansa za su haɗa a kan dala 50. Mills ya dubi girman allon filawud, ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, ya tsara jirgin da bai kai ƙafa 8 ba, ya datse goshinsa. Wannan shi ne Optimist, wanda har yanzu da shi ake fara koya wa yara tuƙi a ƙasashe da dama. Watau ma'aunin masana'antar katako ne ya yanke wa jirgin tsawo.

A Ingila kuwa, wanda ya fi kowa gane wannan dama shi ne Jack Holt, masassaƙi a Putney, bakin Kogin Tems. Ya tsara Cadet a 1947 da goyon bayan mujallar Yachting World, ya tsara Enterprise a 1956 don jaridar News Chronicle, aka ba shi shuɗin filafili. Kamfanin Bell na garin Leicester kuma ya riƙa sayar da katakon jiragen Holt a yanke. Dabarar sa jarida ta ɗauki nauyin jirgi, ke nan, ta riga Daily Mirror.

Ɗinki Da Manni

Barry Bucknell ba masassaƙin jirgi ba ne. Sunansa ya fito ne a talabijin na BBC, inda yake koya wa magidanta gyaran ƙofa da kanta da kansu, ba sai sun kira kafinta ba. Da ya tashi yi wa ɗansa jirgi, sai ya ari wata dabara da wani malamin koyar da aikin katako, Ken Littledyke, ya riga ya yi amfani da ita wajen haɗa siraran kwalekwale. Daily Mirror ta ga samfurin, aka kira Holt ya gyara siffar don ta yi kyakkyawar tafiya a ruwa, aka gama tsarin a 1962. Akan yi gardama a kan wanda ya fi cancantar yabo tsakanin su biyun. Gaskiyar magana, wasu daga jiragen Holt na baya sun fi Mirror gudu da kyan gani; abin da Bucknell ya kawo shi ne sanin iyakar abin da hannun da bai ƙware ba zai iya, wannan kuwa shi ne abin da ya bambanta jirgin da na gabansa.

Ga yadda aikin yake. Allunan ƙasa da na gefe suna zuwa a yanke, a shimfiɗe, kowanne da ainihin siffarsa. Mai aiki zai bi gefensu ya huda ƙananan ramuka a jere, ya zura guntun wayar jan ƙarfe ta ramin wannan allo da na wancan, ya murɗe da filaya, tamkar gyartai yana ɗinke ƙwarya. Yayin da yake matse wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai allunan su lanƙwashe da kansu, jirgi ya tashi a gabansa ba tare da an kafa firam ba. Siffar tana cikin yankan; in gefe ya haɗu da gefe, babu wata siffa da katakon zai iya ɗauka sai wadda Holt ya nufa. Daga nan sai a bi layin ɗinkin daga ciki da ƙyallen zaren gilashi a shafe da gam, in ya bushe a datse wayoyin, a yi wa waje haka. Inda allo bai zauna daidai ba, gam ya cike. Kuskuren da a da zai sa jirgi yoyo, yanzu fenti ke rufe shi.

Ɗinka jirgi ba sabon abu ba ne a duniya, balle a yammacin Afirka. Bafaranshen nan René Caillié, da ya bi kogi daga Jenne zuwa Kabara, mashigar Tumbutu, a 1828, ya bayyana manyan jiragen fatake waɗanda aka ɗinke falankansu da igiya, ana tafe ana kwashe ruwan da ke shiga. Kama ce kawai ta dabara, ba aro ba. A jiragen Jenne igiyar ce ke riƙe jirgi muddin ransa. A Mirror kuwa waya na ɗan lokaci ne, kamar yadda tela ke kama riga da zare kafin ya kai ta keke.

Sauran tsarin ma duk da talaka aka yi shi a zuci. Gangar jikin ba ta wuce kilo 46 ba, mutum biyu sa ɗora ta bisa rufin ƙaramar mota. An raba jigon gida biyu don sandunan su shige cikin jirgin in an tashi tafiya. Kujerun akwatunan iska ne rufaffu, ko ya kife ba ya nitsewa. Kuɗinsa kuma bai wuce ladan mako huɗu na ma'aikacin masana'anta ba. Jan filafilin kuwa talla ce tsantsa, launin kan jaridar ne, wadda a lokacin take sayar da fiye da kofe miliyan huɗu a rana, akasari ga 'yan ƙwadago.

Wani abu da ya cancanci lura ga mai nazarin al'ada shi ne abin da ya maye gurbin idon maigida. Da yake ana so jiragen su yi tsere da juna bisa adalci, sai aka rubuta dokar ma'auni, aka naɗa masu awo, kowane jirgi aka ba shi lamba a filafilinsa. Wanda ya haɗa nasa a Yorkshire da wanda ya haɗa a Ostireliya ba su taɓa zama gaban malami ɗaya ba, takarda ɗaya suka karanta, ita ce kuma mai hukunci a tsakaninsu. Amma abin da suka iya bai wuce jirgin nan guda ba. Yaron da ya gama koyo a Putney zai iya gina jirgin da ba a taɓa zanawa ba. Mai Mirror in ya rasa allon gefe, sai ya aika Leicester.

Bayan Haka

Kakar ba ta daɗe ba. A 1971 aka fito da Laser, wanda ake zubawa da faiba a masana'anta, daga baya aka shiga zuba Topper da roba. Jirgin da ba ya ruɓewa, ba ya son fenti kowace shekara, ya rinjayi masu saye, har Optimist da Mirror ma suka koma ana yin su da faiba. Haɗa jirgi a gida ya daina zama hanyar tsimi, ya koma abin sha'awa, wanda mujallu irin WoodenBoat, da aka kafa a jihar Maine a 1974, suka riƙe. Tsofaffin jiragen dai ba su kasa ba: a 1997 zuwa 1998 wani malamin makaranta, A. J. Mackinnon, ya tuƙa Mirror daga Shropshire ta koguna da hanyoyin ruwa na Turai har Baƙin Teku. Masu sayar da yankakken katako a yau kwamfuta ce ke yanka musu alluna har da ramukan ɗinkin, gam mai ƙarfi na ifoksi kuma ya maye gurbin na da. Mirror mai lamba 1 yana ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa da ke Falmouth, a yankin Cornwall.