Aadhaar

Aadhaar lamba ce ta shaida mai alƙaluma 12 da gwamnatin Indiya ke bai wa mazauna ƙasar bayan ta ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu da hoton ƙwayar idonsu. Hukumar UIDAI ce ke kula da ita. Sama da mutum biliyan 1.3 ne suka mallaki lambar, abin da ya sa ta zama tsarin shaida mafi girma a duniya da aka gina kan siffofin jiki. Ana yawan kafa misali da ita idan ana maganar amfani da fasahar zamani wajen gudanar da mulki a ƙasashe masu tasowa. Kalmar "aadhaar" a harshen Hindi tana nufin tushe ko ginshiƙi.

Tarihi

Indiya ta daɗe tana kashe maƙudan kuɗi kan tallafin abinci da iskar gas da taki, amma kaso mai yawa yakan salwanta a hannun 'yan tsakiya ko ya tafi ga sunayen bogi. A 1985 Firayim Minista Rajiv Gandhi ya koka cewa kashi 15 cikin 100 kacal na kuɗin da ake warewa talakawa ke isa gare su. Ga kuma miliyoyin mutanen karkara da ba su da wata takarda da za ta nuna ko su wane ne.

An kafa UIDAI a watan Janairun 2009, aka naɗa Nandan Nilekani, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Infosys, ya shugabance ta. An ba da lamba ta farko ranar 29 ga Satumba, 2010, a ƙauyen Tembhli da ke jihar Maharashtra. Sai a 2016 majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta ba tsarin ƙarfin shari'a.

Yadda yake aiki

Rajista kyauta ce. Ana ɗaukar suna, ranar haihuwa, jinsi da adireshi, tare da zanen yatsu 10 da ƙwayar ido biyu. Kwamfuta na gwada bayanan da na duk waɗanda suka riga suka yi rajista domin kada mutum ɗaya ya samu lamba biyu. Ba a ɗaukar zanen yatsun yaro ɗan ƙasa da shekara 5. Ana ɗauka idan ya cika 5, a sabunta idan ya kai 15. Lambar shaida ce ta zama a Indiya, ba shaidar zama ɗan ƙasa ba.

Wajen tantancewa, mutum zai faɗi lambarsa ya ɗora yatsa kan na'ura. Na'urar za ta tura bayanin ta intanet zuwa babban rumbun hukumar, amsa ta dawo: shi ne ko ba shi ba ne.

Amfani a harkar mulki

Tun daga 2013 gwamnati ta fara tura kuɗin tallafi kai tsaye zuwa asusun banki da aka haɗa da Aadhaar. Tallafin karatu da gas na girki da fansho na cikin na farko. Shirin Jan Dhan na 2014 ya buɗe wa ɗaruruwan miliyoyin mutane asusu. A shagunan rabon abinci kuwa, inda dokar 2013 ta ba kowane mai cin gajiya kilo 5 na hatsi a wata, an girke na'urorin tantance yatsa. Gwamnati ta ce ta share sunayen bogi da dama ta kuma yi tsimin kuɗi.

Suka

Masana tattalin arziki irin su Jean Drèze da Reetika Khera sun nuna cewa tsarin kan hana masu haƙƙi haƙƙinsu. Zanen yatsun tsofaffi da masu aikin ƙarfi kan goge, na'ura ta kasa gane su. A ƙauyukan da intanet ko lantarki ke yankewa kuwa mutum kan koma gida hannu rabbana. A Satumban 2017 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a gundumar Simdega ta jihar Jharkhand bayan an soke katin abincin gidansu saboda ba a haɗa shi da Aadhaar ba. 'Yan fafutuka sun ce yunwa ce ta kashe ta, hukumomi suka ce zazzaɓin cizon sauro ne.

Akwai kuma batun sirri. A Janairun 2018 jaridar The Tribune ta ba da rahoton cewa wakiliyarta ta sayi damar duba bayanan mutane a kan rupi 500.

Hukuncin kotu

Wani alƙali mai ritaya, K. S. Puttaswamy, ya ƙalubalanci tsarin a kotu a 2012. A Agustan 2017 alƙalai 9 na Kotun Ƙoli suka yanke cewa kare sirri haƙƙi ne da tsarin mulki ya tanada. Ranar 26 ga Satumba, 2018, alƙalai 4 cikin 5 suka tabbatar da halaccin Aadhaar wajen tallafin gwamnati da biyan haraji, amma suka hana tilasta shi wajen buɗe asusun banki, sayen layin waya ko shiga makaranta. Kotun ta kuma ce kada a hana kowa tallafi don na'ura ta gaza tantance shi.

Tasiri a wasu ƙasashe

Darasin Aadhaar ne ya haifar da manhajar MOSIP da aka ƙirƙira a Bangalore a 2018, wadda Filifin da Maroko da Habasha suka ɗauka don gina nasu tsarin. Najeriya ma na da makamancinsa, wato lambar NIN mai alƙaluma 11 da hukumar NIMC ke bayarwa. A Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa ta da layin waya, daga 2021 kuma ta zama sharaɗin rajistar jarrabawar JAMB.