Tsokaci Kan Shirin Vikings Da Tarihin Majusawan Teku

 

Ya 'yan uwana matasa, a lokacin noman ranin da ya gabata ne wani ƙanena ya tura mini shirin Vikings a waya. Nakan kalle shi da daddare idan na dawo daga ban ruwa a gonarmu da ke wajen Kadawa. Shiri ne da tashar History ta fara nunawa a shekarar 2013, aka kammala shi a 2020, wanda Michael Hirst ya rubuta a kan Ragnar Lothbrok da 'ya'yansa, mutanen ƙasashen da a yau ake kira Norwe da Denmak da Suwidin. Ba zan ɓoye muku ba, shirin ya kama ni. Wani dare sai na tsinci kaina ina murna jiragen maharan sun isa gaɓa lafiya, alhali garin da suka nufa mutanensa barci suke yi. Daga nan na fara tuhumar zuciyata.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali yana cikin zango na 4, inda Bjorn da mutanensa suka afka wa Jaziratul Khadra'u, wato Aljasiras ta kudancin Andalus. An nuna Floki ya ji kiran salla, ya shiga masallaci, ya ga masallata cikin natsuwa, har ya hana abokansa ci gaba da kisa a ciki. Na san da yawa daga cikinmu wannan wuri ya faranta musu rai. To amma da na koma ga abin da malaman tarihin Andalus suka rubuta, sai na tarar da akasin haka. Sun ce a harin shekarar 859 Miladiyya, zamanin Sarki Muhammadu na ɗaya, maharan ƙona babban masallacin garin suka yi. Daga nan suka tsallaka zuwa Nakur a arewacin Maroko, suka kwashi bayi, har da mata daga gidan sarauta, waɗanda sai da Sarkin Ƙurɗuba ya fanso su.

Ba wannan ne zuwansu na farko ba. A shekarar 844, wato 230 bayan Hijira, sun taɓa Lishbona, sannan suka biyo kogin Wadil Kabir da jiragensu marasa zurfi har cikin Ishbiliya, wadda ba ta da isasshen tsaro a lokacin. Suka kashe na kashewa, suka kama mata da yara. Larabawa suka kira su Majusu. Sarki Abdurrahman na biyu ya aiko da runduna daga Ƙurɗuba, aka fatattake su a watan Nuwamba, aka ƙona jiragensu da dama. Bayan haka ya sa aka ƙarfafa ganuwar birnin, aka kafa ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi. Shi ya sa da suka dawo bayan shekara 15, ba su sami Ishbiliya yadda suka same ta da farko ba.

Wani Musulmin kuma ya gan su ido da ido ta gabas. Ahmad bin Fadlan ya bar Bagadaza a shekarar 921 cikin tawagar Halifa Muƙtadir zuwa ga Sarkin Bulgar na bakin kogin Bolga, ya isa a 922. A can ya haɗu da fataken Rus, waɗanda masana da yawa ke ɗauka daga zuriyar waɗannan mutanen arewa suke. Ya yaba tsayinsu da kyawun ƙirarsu, ya ƙyamaci ƙazantarsu, ya kuma bayyana yadda aka kashe wata kuyanga aka ƙona ta cikin jirgi tare da gawar ubangidanta. Rubutunsa yana cikin shaidu mafi daraja da duniya ke da su a kan waɗannan mutane, amma matasanmu nawa ne suka san sunansa?

A nan wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da ɗaci. A tsibirin Gotland na Suwidin, a shekarar 1999, an tono wata taska a Spillings mai ɗauke da tsabar azurfa kimanin 14,000, kusan dukkansu dirhamomin ƙasashen Musulmi. Kuɗin nan farashin fatu ne da takubba, da kuma bayin da aka raba da iyayensu aka kawo kasuwannin da Musulmi ke saye. Ke nan, mahari ba ya ƙiba sai da mai sayen kayan sata.

Abin da na fahimta, ya 'yan uwa, shi ne mai shirin ya zaunar da mu cikin jirgin mahara tun daga farko. Mun san sunayensu da na matansu, mun ga kukansu da dariyarsu. Su kuwa mutanen gaɓa, daga malaman kirista na Lindisfan da aka afka wa a 793 har zuwa masallatan Andalus, yawancinsu ba su da suna, ihunsu kawai ake ji. Alhali mu nan mutanen gaɓa ne. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, mayaƙan Ningi sun addabi garuruwan kudancin Kano, manomi ba ya nisa da ganuwa sai da fargaba. Yau ma 'yan uwanmu a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun san ma'anar ƙarar babura cikin dare. Ta yaya zan tsine wa mai babur da safe, da daddare kuma in tafa wa mai jirgi?

Musulunci bai hana jarunta ba, iyaka ya sa mata. Imamu Malik ya ruwaito wasiyyar Sayyidina Abubakar Siddiƙ, Allah ya ƙara masa yarda, ga Yazidu bin Abi Sufyan da zai tafi Sham, inda ya hana shi kashe mace da yaro da tsoho, da sare itace mai 'ya'ya, da taɓa masu ibada da suka keɓe kansu. Duk wanda muka gani da takobi, a tarihi ko a allo, namu ne ko na wasu, da wannan mudu ya kamata mu auna shi.

Ban zo in yanke hukunci kan kallo ba, wannan aikin malamai ne, kuma a cikin shirin akwai tsiraici da bautar gumaka da bai dace mumini ya zuba musu ido ba. Nasihata kawai ita ce, wanda ya riga ya kalla ya nemi tarihin Andalus da labarin tafiyar Ibn Fadlan ya karanta, don ya ji ta bakin waɗanda aka kai wa harin. Ni kam na goge sauran zangunan daga wayata ban ƙarasa ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kare manoma a gonakinsu, ya jiƙan waɗanda aka zalunta. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum.