Janar Brooke da Maigidansa Churchill

A watan Disamba na 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka naɗa Janar Alan Brooke babban hafsan sojojin ƙasa na Birtaniya. Jamusawa ne abokan gaba, amma wanda ya fi hana shi barci shi ne maigidansa, Firayim Minista Winston Churchill.

Churchill ba ya wasa da ƙailula, saboda haka yakan kira taro bayan cin abincin dare, a raba dare ana muhawara, alhali Brooke zai yi sammakon ofis. Ga shi da ruwan dabaru: yau a kai hari Norway, gobe a kama arewacin tsibirin Sumatra. Idan hafsoshi suka ce jirage da dakaru ba za su isa ba, sai ya zarge su da sanyin jiki.

Brooke bai zama ɗan amshin Shata ba. A zauren taro yakan dubi Churchill ido da ido ya ce bai yarda ba, ya kawo hujja, har an san shi da karya fensir a hannu idan gardama ta yi zafi. Abin da ba ya faɗuwa a zaure kuwa, sai ya ajiye shi zuwa dare, ya zuba a littafin da yake rubutawa kullum kamar yana hira da matarsa Benita. A nan yake amayar da takaicinsa, a nan kuma yake amsa cewa ƙasar ba ta da madadin mutumin. Idan ya sami sarari, sai ya tafi kallon tsuntsaye.

Ƙofar tsira ta buɗe masa a Alƙahira cikin Agusta 1942, da Churchill ya yi masa tayin jagorancin rundunar Gabas ta Tsakiya. Kowane soja yana mafarkin irin wannan matsayi, amma ya ƙi, don yana ganin ya riga ya koyi yadda ake taka wa maigidan burki, kuma sabon hannu zai daɗe bai iya ba. Sakayyar ba ta yi daɗi ba. Churchill ya yi masa alkawarin jagorantar mamayar Faransa, sai ga shi a Quebec cikin Agusta 1943 ya shaida masa, ba tare da wani lallashi ba, cewa Ba'amurke za a ba. Brooke ya haɗiye, ya ci gaba da aiki har yaƙi ya ƙare.

A 1957 aka buga wani sashe na littafin nan, Churchill yana raye. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, kuma zumuncinsu bai koma kamar da ba.