Abin da Tsingaron Maya Ya Koya Mini Game da Tukwanenmu

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya loda.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci muna zaune ana hira, wani ɗan uwa mai karatun likita ya dube ni ya ce, "Malam, wai da gaske ka baro Katsina, ka kwana a mota har Ibadan, don ka karanci fasassun tukwane?" Aka fashe da dariya, ni ma na taya su. Ban ba shi amsa a wurin ba. To ga amsar yanzu, amma sai na bi da ku ta wata ƙasa mai nisa tukuna, domin asaimen ɗin da aka ba mu wannan semesta a kan tukwanen mutanen Maya ne, kuma shi ya buɗe mini ido.

Mayawa mutane ne da suka zauna a kudancin Meziko, da Gwatamala, da Beliz, da yammacin Honduras da Elsalbado. Jikokinsu na nan har gobe, miliyoyi, suna magana da harsunansu. Ganiyar biranensu irin su Tikal da Kalakmul da Kopan ta kama daga wajen shekara ta 250 zuwa 900 miladiyya. Suna da rubutu nasu na kansu, suna da kalanda. Tukwanensu kuwa da hannu suke ginawa, su murza yumɓu kamar igiya su riƙa ɗorawa zagaye bisa zagaye, su shafe shi da ruwan yumɓu mai launi, su goge, sannan su gasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin magina tukwane a gida zai gane aikin.

Me ya sa masu tonon tarihi suka ɗora wa tukunya ido haka? Ƙasar Maya kurmi ce mai ruwa da zafi. Tufafi da itace da tabarma duk ruɓewa suke. Tsingaro kuwa ba ya ruɓewa. Kuma salon tukunya yana canzawa da zamani, kamar yadda ɗinkin riga yake canzawa. Ka tuna da tsohon juji a bayan gari: abin da ke ƙasa shi aka fara zubarwa, na sama shi ne na baya-bayan nan. In ka tona a hankali, hawa-hawa, kana ware tsingaron kowane hawa daban, to ka samu agogon da za ka auna shekarun wurin da shi.

Aikin da aka yi ke nan a wani kango da ake kira Washaktun a arewacin Gwatamala, inda Cibiyar Carnegie ta Amurka ta yi tono daga 1926 zuwa 1937. Wani mai suna Robert Smith ya zauna da tsingaron wurin shekara da shekaru, sai a 1955 ya fitar da littafinsa. Ya kasa tukwanen zuwa zamani huɗu: Mamom, Cikanel, Tsakol da Tepewu. Biyun farko sun fi tsufa, tukwanensu galibi launi ɗaya ne, masu santsi kamar an shafa musu kakin zuma. A Tsakol aka yawaita zane da launuka da yawa. Tepewu, wanda ya fara wajen shekara ta 600, wato daf da lokacin da aka aiko Manzon Allah (SAW) a Makka, shi ne zamanin dogayen kofuna masu hoton sarakuna da fadawa. Har yau da waɗannan sunaye ake aiki.

A 1960 Smith ɗin nan da Gordon Willey da James Gifford suka kawo tsarin da ake kira na nau'i da reshe. Ana duba fuskar tsingaro: launinsa, gogewarsa, adonsa. Waɗanda suka yi kama a haɗa su nau'i ɗaya, a laƙaba musu suna mai kalma biyu, sunan wani wuri da kuma siffar tukunyar, misali "Jan Siyera". In an ga ɗan bambanci a cikin nau'in sai a ce reshe ne. Amfanin wannan a fili yake. Mai tono a Beliz da mai tono a Meziko za su iya kiran abu ɗaya da suna ɗaya. Da haka aka ga cewa Jan Siyera ya bazu kusan ko'ina a ƙasar Maya tun ƙarnoni kafin zamanin manyan sarakuna, alamar cewa garuruwan sun daɗe suna cuɗanya.

Sai dai akwai tambayar da ta hana ni barci, kuma ashe ba ni na fara yin ta ba. Tun a 1953 da 1954 wasu masana biyu a Amurka, Albert Spaulding da James Ford, suka yi ta musu a rubuce: shin nau'in nan yana cikin tukunyar ne mai bincike ya gano shi, ko kuwa mai binciken ne ya ƙirƙira shi don sauƙin aikinsa? Ku kwatanta da gida. Mu muna da tukunya, randa, tulu, kasko, tanda, kwatarniya, asusu. Duk sunayen nan daga aikin abin da siffarsa suka fito. Yanzu a ce bayan shekara dubu wani ya tono kangon ƙauyenmu, ya haɗa tsingaron randar kakata da na tandar waina wuri guda saboda duk jajaye ne, ya kira su "Jan Katsina". Bai yi ƙarya ba, amma Hajiya Kaka da za ta ji sai ta riƙe baki.

Abin mamakin shi ne, Mayawa sun bar amsa a rubuce a bakin kofunansu. A 1973 Michael Coe na Jami'ar Yale ya lura cewa akwai wani jerin rubutu da ke maimaituwa a zagayen bakin tukwane da yawa. A lokacin ba a iya karanta shi ba, sai ya yi zaton addu'a ce ta rakiyar mamaci, tunda a kaburbura ake samun irin waɗannan kofuna.

A 1984 tawagar Richard Adams ta buɗe wani kabari a Riyo Asul, a Gwatamala, wanda ɓarayi ba su kai gare shi ba. A ciki akwai wata tukunya ta ƙarni na 5 mai murfin da ake murɗawa ya kulle, da rubutu a jikinta. David Stuart, wanda a lokacin sa'anmu ne, bai daɗe da wuce shekara ashirin ba, ya karanta wata kalma a jiki: ka-ka-wa. Aka kankare busasshen abin da ke cikin tukunyar aka kai ɗakin gwaje-gwajen kamfanin cakulan na Hershey. Sai ga sinadaran tiyoburomin da kafeyin, waɗanda a wancan yanki koko ne ke haɗa su biyun. Ba kokon safe da ƙosai nake nufi ba, kokon cakulan, wanda da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Dugbe. Rubutu ya ce koko, gwaji ya ce koko.

Daga nan aka gane jerin rubutun da Coe ya gani yawanci shaidar mallaka ce: ga irin kwanon, ga abin da ake zubawa ciki, ga mai shi. A 1989 Stephen Houston da Stuart da Karl Taube suka nuna cewa Mayawa suna da nasu rabe-raben. Abin sha "uk'ib" ne, faranti "lak", faranti mai ƙafafu "hawante'". Wani kofin an rubuta na koko ne, wani na "ul", wato kunun masara. Ashe su ma da aiki da siffa suke raɗa suna, kamar mu.

Wannan bai kashe tsarin Smith ba. Yawancin abin da ake tonowa tsingaro ne marar rubutu, kuma da tsarin nan ake sanin zamaninsa. Sai dai an koyi haɗa hanyoyi. A 1988 Joseph Ball da Jennifer Taschek suka tono wani kofi a kabarin wani saurayi ɗan sarauta a Buwenabista, ƙaramin gari a Beliz. Rubutun jikinsa ya ce kofin kokon K'ak' Tiliw ne, sarkin Naranho, wanda ya hau gado a 693, zamanin da Abdulmalik ɗan Marwan ke halifanci a Dimashƙa. Gwajin sinadaran yumɓun ya nuna a yankin Naranho aka gina shi. Sai masana suka fassara cewa kyauta ce daga babban sarki zuwa ƙaramin gida, irin yadda sarakunanmu ke ba hakimai riga da rawani. Da ɓarawo ne ya ciro kofin nan ya sayar, za a karanta sunan sarkin, amma ba wanda zai san inda kyautar ta je.

Kuma abin da ya faru da yawancin kyawawan kofunan Maya ke nan. Ɓarayi sun fasa dubban kaburbura, kofunan suna gidajen attajirai da gidajen tarihi a Amurka da Turai, ba a san ramin da suka fito ba.

Nan ne abin ya dawo gida. A shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ake yawan sacewa, kuma a ciki akwai mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato. Masu tonon dare mutum-mutumin suke nema, tsingaron da ke kewaye da shi su watsar. Alhali daga tsingaron ne labari yake fitowa. A 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Jamus suka fara aiki a yankin Nok tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma da rabe-raben tukwane suka tsara zamunan Nok tun daga wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2021 aka wallafa sakamakon gwajin tsingaron wurin, inda aka samu ɓurɓushin kakin zuma a jikinsu. Wato shekara 3,500 da suka wuce mutanen tsakiyar ƙasar nan suna ɗibar zuma suna sarrafa ta a tukwane. Labarin Riyo Asul ne sak, a ƙofar gidanmu.

Na san wasunmu za su ce ai gumaka ne, me ruwanmu. Ba bauta musu aka ce a yi ba. Sanin wanda ya zauna a ƙasarka kafin kai, me ya ci, da wa ya yi ciniki, ilimi ne. In ba mu karanta ba wasu za su karanta mana, su raɗa wa randar kakanninmu sunan da suka ga dama.

Roƙona ɗaya ne. In mun koma hutu, wani a ƙauye ya ci karo da tsohuwar tukunya ko tsingaro a gona ko wurin haƙar ƙasar gini, a lallashe shi kada ya ciro, kada ya sayar wa dillali. A ɗauki hoto a inda take, a sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa. Dokar 1979 ma ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba.

Likita, ga amsarka. Juma'a mai zuwa kai za ka sayi shayi. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya maida mu gida lafiya.