Kuza: baƙin dutsen da ya gina Jos, da tambayar wa ke da shi

Kuza ita ce ma'adinin da ake narkawa a fitar da farin ƙarfen da ake shafa wa gwangwani, ake kuma liƙe sassan wayar hannu da kwamfuta da shi. Masana duwatsu na kiranta kasitarait. Launinta baƙi ne ko ruwan ƙasa mai sheƙi, kuma sau da yawa tare ake samunta da farin dutsen ƙanƙara. Nauyi ne ke raba su: ƙwayar kuza ta fi ta ƙanƙara mai girmanta nauyi ninki biyu da rabi. Shi ya sa idan mai wanki ya juya kwanonsa a ruwa, yashi da ƙanƙara kan tafi, kuza ta kwanta a ƙasa.

Masu tara duwatsu don ajiya da nazari sun fi son kuzar da ke manne da ƙanƙara da kusurwoyinta cikakku, irin wadda aka sani daga Kwanwal ta Ingila da Bolibiya. Ta Filato yawanci ba haka take ba. Ruwa ya daɗe da ɓamɓaro ta daga duwatsu, ya goge ta, ya jibge ta cikin tsakuwar tsofaffin rafuka. Ba ta da kyan kallo, amma tana da sauƙin haƙa, kuma wannan sauƙin ne ya jawo Turawa.

Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwe suna narka ta. Kamfanonin Ingila sun shigo a farkon ƙarni na 20, a 1914 jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, leburori suka yi ta kwarara daga ƙasar Hausa da Kudu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebo dubban talakawan Arewa aikin tilas, da yawansu cuta da sanyin Filato suka kashe. A ramin kuza ne ma aka fara tsintar gumakan Nok a 1928.

Faɗuwar kasuwar duniya a 1985 ta durƙusar da abin da ya rage na manyan kamfanonin. Sun bar kududdufai masu zurfi da ke cin mutane, da tarin ƙasa mai ɗauke da sinadarai masu fitar da tururi mai cutarwa. Yau matasa ne ke sauka rijiyoyi da igiya, ba turaku ba inshora.

Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta wajabta lasisi a kan haƙa da saye. Mai gona yana da samanta kawai, kuma lasisin abin da ke ƙarƙashinta daga Abuja ake bayarwa, ba daga Jos ba.