Asher Benjamin: Kafintan Ƙauye da Ya Zama Mai Zanen Gidaje da Majami'u

Asher Benjamin (1773–1845) magini ne ɗan Amurka, mai zanen gine-gine kuma marubucin littattafan koyar da gini, wanda ya yi rayuwarsa a yankin New England da ke arewa maso gabashin ƙasar. Da sassaƙar katako ya fara a ƙananan garuruwan da ke bakin Kogin Connecticut, daga baya ya kai ga zana gidajen masu hali da manyan majami'u a birnin Boston. Idan ana lissafin gwanayen zamaninsa, Charles Bulfinch ake sawa a gaba, kuma in gine-ginen da mutum ya tsayar da kansa ne kaɗai ma'auni, hakan daidai ne. Sai dai babban aikin Benjamin yana wani wuri dabam. Shi ne ya ɗauko ilimin tsara gini daga hannun 'yan tsirarun da ke da karatu da kuɗin zuwa Turai, ya zuba shi a takarda ta yadda kafintan ƙauye zai iya aiki da shi. Abin da ya ba shi ikon yin haka kuwa shi ne daga cikin kafintocin ya fito, ya san abin da suke da shi a hannu, ya san abin da suka rasa.

Tasowarsa

An haife shi ranar 15 ga Yuni, 1773, a Hartland, wani ƙauye a jihar Connecticut, kuma mahaifinsa ya rasu yana jariri. A lokacin babu makarantar koyon zanen gini ko ɗaya a Amurka. Yaro yakan shiga hannun ubangida ne ya koyi riƙon zarto da guduma, ya koyi haɗa katako, har ya isa karɓar kwangila da kansa. Wannan hanya Benjamin ya bi. A 1794 ya sassaƙa kawunan ginshiƙai irin na tsohuwar Girka, masu naɗi biyu kamar ƙahon rago, a gidan Oliver Phelps da ke Suffield. A shekarar da ta biyo baya aka ba shi aikin matakalar dutse mai murɗiya a ginin majalisar jihar da ke Hartford, ginin da Bulfinch ya zana. Duk wanda ya san gini ya san irin wannan matakala ba a yinta da ƙiyasin ido. Dole kowane taki ya fi faɗi a gefen bango ya tsuke a tsakiya, tsayinsa ya yi daidai da na ɗan'uwansa, marikin hannu kuma ya riƙa juyawa yana hawa a lokaci guda. Sai an fitar da lissafin duka a kan allo kafin a taɓa dutse. Saurayin da ya iya wannan yana ɗan shekara ashirin da biyu ya riga ya ƙetare daga aikin hannu zalla zuwa aikin zane. Daga nan ya koma Greenfield a jihar Massachusetts, inda ya gina wa alƙali Jonathan Leavitt gida a 1797, ya kuma zana ginin farko na makarantar Deerfield Academy. Sannan ya zarce Windsor ta jihar Vermont, ya gina manyan gidaje da majami'ar Old South a 1798.

Littafin farko

A Greenfield ɗin, a 1797, ya buga The Country Builder's Assistant, ƙaramin littafi mai zane talatin da aka sassaƙa a farantan tagulla. Shi ake ɗauka littafin gini na farko da ɗan Amurka ya tsara da kansa. Kafin shi, abin da ke yawo a ƙasar littattafan Ingila ne, ko dai an shigo da su ta jirgin ruwa ko an sake buga su, kamar na Abraham Swan da aka buga a Philadelphia a 1775. Waɗannan an rubuta su ne don ƙasar da ke gini da dutse da jan bulo, wadda ke da iyayengiji masu dukiya da ƙwararrun masassaƙa. Kafintan New England kuwa katakon dajin garinsu yake da shi, da 'yan yara biyu ko uku, da kwamitin majami'a mai ƙirga kowane kwabo. Benjamin ya rubuta ne don wannan mutum. Yakan nuna masa ya ɗauki kaurin ginshiƙi daga gindi ya zama ma'auninsa, ya raba shi kashi-kashi da kwamfas, daga nan tsayin ginshiƙin da faɗin kansa da girman duk wani ado da ke bisansa su fito daga wannan awo guda. Da haka mutumin da bai yi nisa a lissafi ba zai iya fitar da ƙofar gida ko bakin murhun ɗumama ɗaki mai daidaiton da ido ke so, ko ginin babba ne ko ƙarami. Ya kuma sirantar da ginshiƙan ya rage nauyin adon, domin katako ba ya buƙatar kaurin dutse, kuma ragin yana sauƙaƙa aiki da kuɗi.

Shekarun Boston

Zuwa 1803 yana Boston, sunansa a kundin mazauna birnin cikin jerin masu gina gidaje. A nan ya yi ayyukan da suka fi fice: majami'ar Charles Street, da ta Old West da aka gama a 1806, da tagwayen gidaje a titin Beacon a 1808. Old West ta nuna halinsa sarai. Jan bulo ce, gabanta ya turo waje hawa-hawa har ya ƙare da 'yar ƙubba, adon kuma kaɗan ne, an sa shi inda ido zai fara sauka. Ana lissafa Ithiel Town da Elias Carter da Solomon Willard cikin waɗanda suka koya a wurinsa, dukansu kuma sun yi suna daga baya. An zaɓe shi ɗan majalisar birni a 1823 da 1824, cikin tafiyar masu sana'a da matsakaitan 'yan kasuwa da suka mara wa magajin gari Josiah Quincy baya. A 1825 jarinsa ya karye, ya tafi Nashua a jihar New Hampshire, ya yi shekara biyu yana kula da ginin hanyoyin ruwa da gine-ginen wata masaƙa, sannan ya dawo Boston. Duk cikin wannan hawa da sauka bai ajiye alƙalami ba. The American Builder's Companion ya fito a 1806, The Practical House Carpenter a 1830, na ƙarshe kuma a 1843. Gaba ɗaya littattafai bakwai ya rubuta, waɗanda aka yi ta sake bugawa fiye da sau arba'in. Lokacin da sha'awar mutane ta koma ga kwaikwayon haikalin Girka, ya bi su da sababbin zane-zane, ya sake fassara salon zuwa abin da zarto zai iya yankawa.

Sukar da ake yi masa

Suka ta farko ita ce bai ƙirƙiro komai ba, aro ya yi daga William Pain da William Chambers da Peter Nicholson na Birtaniya, ya kuma bi sawun Bulfinch. Aron kam ya yi shi, amma haka sana'ar take a wancan ƙarni. Marubutan Birtaniyan su ma daga Andrea Palladio na Italiya suka ɗebo, shi kuma daga kufan gine-ginen Rum. Bulfinch ya yi karatu a Harvard, ya zaga Turai ya gani da idonsa, ya dawo da abin da ya gani. Abin tambaya a kan kowannensu shi ne me ya yi da abin da ya aro. Benjamin ya tace, ya zubar da abin da ba zai yi amfani ba, har ya faɗa a littafinsa na 1806 cewa mafi yawan abin da ke cikin littattafan Turai ba ya yi wa maginin Amurka amfani. Sanin abin da za a bari da abin da za a canza hukunci ne na mai zane, kuma wanda bai taɓa ganin katako ya tsage a hannunsa ba zai sha wuya kafin ya yanke shi daidai.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wai littattafan zane sun sa garuruwa sun zama iri ɗaya, farar majami'a mai hasumiya a gaba ko'ina aka duba. Akwai gaskiya a kamannin, amma duba na kusa yana nuna maginan ba kwafa kawai suka yi ba. Majami'ar Old First da Lavius Fillmore ya gina a Bennington ta jihar Vermont a 1805 daga zanen Benjamin ta samo tushe, amma Fillmore ya sarrafa ta da tasa basirar har ta zama cikin waɗanda aka fi yabo a jihar. Ƙa'idar awo littafin yake bayarwa, sauran ya rage ga mai gini da aljihun masu ginin. Ya kamata kuma a auna abin da zai faru in babu littafin. Ƙauyen da ke nesa da Boston, ko sabon matsugunin da 'yan New England suka kafa a arewacin Ohio, ba shi da halin ɗauko mai zane. Zaɓinsa biyu ne, ko gini bisa ƙiyasi ko gini bisa ƙa'idar da aka gwada, kuma littafin da ke cikin akwatin kayan aikin kafinta shi ya kawo masa na biyun.

Akwai kuma masu cewa an cika jingina masa gine-ginen da babu takardar da ta tabbatar shi ya zana. Haka ne, kuma wajibi ne mai tarihi ya raba abin da ya zana da abin da aka gina daga littafinsa. Amma wahalar rabewar ita kanta hujja ce. Da koyarwarsa ba ta shiga hannun mutane sosai ba, da aikin kafintan da bai taɓa ganinsa ba bai yi kama da nasa har masana su yi ta gardama ba. Wannan ne ya sa masanin tarihin gini Talbot Hamlin ya ɗora masa alhakin kamannin gine-ginen New England na wancan zamani fiye da kowa.

Matsayinsa a tarihi

Benjamin ya rasu a Springfield ranar 26 ga Yuli, 1845, kafin sana'ar ta rufe ƙofar da ya shigo ta ciki. A 1857 aka kafa ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka, a 1865 jami'ar MIT ta kafa sashen koyar da zanen gini na farko a ƙasar, a 1897 kuma jihar Illinois ta fara dokar neman lasisi. Waɗannan matakai sun zo da dalili, domin ginin ƙarfe mai hawa da yawa yana buƙatar lissafin da ba a samu a shagon kafinta. Amma sun raba mai zane da mai aiwatarwa, rabuwar da ta sa ake yawan zana abin da ke da wuyar ginawa ko tsadar da talaka ba zai iya ba. Rayuwar Benjamin ta nuna cewa kyan gidajen gari yana rataye ne a kan yawan ilimin da ya isa hannun maginin da ke gina yawancinsu, kuma wanda ya fi iya isar da ilimin shi ne wanda ya san sana'ar daga bencin aiki har zuwa teburin zane.