Tarihin Gini a Gangaren Dutse: Misali daga Sukur

Sukur tana kan tsaunukan Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, kuma tun ƙarni na 17 ta shahara da narkar da tama. Maginanta ba sa baje tudu kafin su kafa gida. Sukan yanka gangara hawa-hawa, su tokare kowane hawa da jeren duwatsu ba tare da laka ba, ta yadda ruwan sama zai tsiyaye ta tsakaninsu bai kwashe ƙasa ba. A bisa waɗannan hawa ake kafa ɗakuna da rumbuna, a kuma yi noma. Fadar Hidi, wato sarkinsu, tana sama da ƙauyukan, hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse kuwa su ke haɗa tsaunin da kwari.

Wannan tsari ya tsallake hare-haren Hamman Yaji na farkon ƙarni na 20. A 1999 UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Nijeriya, sai dai a 2014 'yan Boko Haram suka ƙona gidajenta. Tun da a bakin dattawa ilimin ginin yake, wajibi ne manazarta harshe su taskace kalmominsa cikin harshen Sakun.